Rashin ladabi a titi ya wuce tsaki, rayuka yake ci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida domin mu tofa albarkacin bakinmu a kan tambayar da ke bakin kusan duk mai hawa titi: shin direbobi sun ƙara rashin ladabi da ganganci ne, ko kuwa idon mutane ne ya ƙara buɗewa? A ganinmu sun ƙara. Abin da ya fi damunmu kuma shi ne yadda ake raba rashin ladabi da haɗari kamar ba su haɗa hanya ba. Wanda ya manne wa bayan motarka yana danna hon, ana ɗaukarsa mara tarbiyya, a ja tsaki a wuce. Alhali abin da ya yi ana iya auna shi da mita da sakan, kuma idan aka auna za a ga ya ƙwace ɗan filin da zai ceci ku biyun ne in wani abu ya faru.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin titi kowace shekara, kuma haɗarin titi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wani zai ce ai adadin ya ɗan ragu idan aka kwatanta da 2010, don haka direbobi gyaruwa suke yi. Gaskiya ne ya ragu da kusan kashi 5 cikin ɗari. Amma a tuna motar yau tana da bel, tana da jakar iska, tana da birkin da ba ya daskarar da taya, kuma an ƙera gabanta ya lotse ya shanye bugu kafin ya iso ga mutum. Duk waɗannan na cikin mota suke karewa. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, waɗanda babu ƙarfen da ya kewaye su. Abin da ya faru a Amurka ma ya isa misali. A 2019 mutum kusan 36,000 suka mutu a titunanta. A 2020, shekarar kullen korona, motoci suka ragu a hanya amma mamata suka haura 38,000, a 2021 kuma suka kusa 43,000. Titi ya yi fili, sai ƙafa ta ƙara nauyi a kan totur.

Bari mu fara da tazara, domin ita ce uwar matsalar. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Daga lokacin da ido ya ga fitilar birkin na gaba zuwa lokacin da ƙafa ta bar totur ta taka birki, direba mai hankali a jikinsa yana cin sakan ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wato mota ta tafi kusan mita 40 ba tare da ta rage komai ba. Bayan birki ya kama, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau, sai ta ƙara mita 55 ko fiye kafin ta tsaya cak. A haɗa, ana maganar kusan mita 100 ke nan. Idan kwalta ta jiƙe, ɓangaren birkin kaɗai zai iya kai mita 100. To wanda ya biyo ka da tazarar tsawon mota biyu, kamar mita 10, sulusin sakan kawai ya bar wa kansa. In ka taka birki saboda yaro ko rami, zai dake ka kafin ya iya tsayawa, domin babu direban da zai gani ya kai ƙafarsa kan birki a sulusin sakan, komai gwanintarsa.

Gyaran wannan ba ya cin ko sisi. Ka zaɓi wani abu a gefen hanya, turken fitila ko allo ko bishiya. Idan motar gabanka ta wuce shi, ka ƙirga a hankali: dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku. In ka iso wurin kafin ka gama, ka matsa da yawa, ka ja baya. A ruwan sama ko hazo ko da dare ka ninka ƙirgar. Ƙorafin da direbobi ke yi shi ne da zarar ka bar fili wani zai kutso. Zai kutso, haka ne. Ka ɗaga ƙafa kaɗan ka sake buɗe filin. Ko mota goma ce ta shiga gabanka a tafiya ɗaya, abin da ka rasa bai kai minti guda ba.

Gudu kuma mutane ba su fahimci lissafinsa ba. Idan ka ninka gudu sau biyu, nisan birki sau huɗu yake ninkuwa. A ɗauki motoci biyu a jere a cikin gari, ɗaya tana 50 ɗaya tana 65, sai yaro ya faɗo titi mita 35 a gabansu. Mai 50 zai tsaya daidai ƙafar yaron. Mai 65 ya riga ya cinye mita 27 kafin ya taka birki, saura mita 8 kacal, kuma zai iso wurin yaron yana kan gudun da ya haura 50. Bambancin 15 ne kawai a allon gudu, amma ɗaya ya tsaya, ɗayan ya yi bugun da ke kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa yana ninkuwa sau huɗu da rabi daga 50 zuwa 65. Me mai gudun ya samu? A tafiyar kilomita 10, abin da ya rage bai kai minti uku ba, shi ma danja ta farko za ta cinye shi. Sauri ya haifi nawa, kamar yadda ake cewa, sai dai a titi wani lokaci wanda bai ji ba bai gani ba ne ke biyan kuɗin.

Aron hannu don wuce babbar mota shi ne inda ake yin taho-mu-gama, kuma a nan ido ya fi yaudarar direba. A ce tirela mai tsawon mita 18 tana tafiya a 70, kai kana 90. Bambancin gudunku 20 ne kawai, wato ƙasa da mita 6 a sakan. Kafin ka fito daga bayanta, ka wuce tsawonta, ka ba ta fili ka koma hannunka, kana bukatar kimanin sakan 11. A cikin wannan lokaci ka tafi kusan mita 280 a hannun masu tahowa, kuma wanda ke tahowa a 90 shi ma ya ci mita 280. Ke nan in ba ka hango fiye da rabin kilomita a sarari ba, babu kwana babu tudu, ba ka da hurumin fitowa. Ido ba ya iya tantance gudun motar da ke tahowa kai tsaye. Daga nesa kamar a tsaye take, sai a sakan biyu na ƙarshe take kumbura ta cika gilashi. Mafi muni shi ne bin bayan wanda ya fita aron hannu. Shi ya ga hanya ya auna wa kansa, kai bayan motarsa kake gani. Idan ya koma hannunsa, kai ne za ka yi ido huɗu da abin da ke tahowa. Wanda ake wucewa shi ma yana da nasa alhakin. Akwai direban da in ya ga ana wuce shi sai ya ji an raina shi, ya ƙara wuta. Wannan ya tsawaita zaman ɗan'uwansa a bakin mutuwa ne da gangan. Abin da ya kamata shi ne ka riƙe gudunka, in ka ga ya shiga matsi ka rage ka ba shi wurin komawa.

Da yake maganar manyan motoci ake yi, masu ƙananan motoci su sani cewa direban tirela ba ya ganin abin da ke dab da gabansa, da gefen ƙofar da ba tasa ba, da bayansa kai tsaye. In ba ka ganin fuskarsa a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Filin da ya bari a gabansa nisan birkinsa ne, saboda motar da ta ɗauki lodi tana bukatar wuri fiye da ƙaramar mota sosai. Wanda ya sha gabansa ya shige wannan fili sannan ya taka birki ya sa kansa a ƙarƙashin tan da yawa na ƙarfe. Haka kuma idan tirela ta buɗe za ta sha kwana, kada a kutsa ta ciki, domin tayoyin baya suna yanke kwanar fiye da na gaba.

Waya ta zo ta ƙara dagula lamarin, kuma ita ce babban abin da ya bambanta direban yau da na shekara talatin baya. Mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin haɗari kusan sau huɗu. Karanta gajeren saƙo yana cin kamar sakan biyar. A gudun 80, mita 110 ke nan, tsawon filin ƙwallo, mota tana tafiya babu mai kallon hanya. Ana gane irin wannan direba daga baya: motarsa tana karkata zuwa layi tana dawowa, gudunsa yana hawa yana sauka ba dalili, danja ta ba da hannu bai motsa ba sai an yi masa hon, sannan ya fizgi mota da haushi. Sa wayar a lasifika yana 'yantar da hannu, amma hankali yana can wurin mai magana. In kiran ya zama dole, a sami wuri a tsaya.

Da dare kuma rashin ladabi ya koma fitila. Ƙaramar fitila tana haska kimanin mita 50 zuwa 60 ne. Wanda ke gudun 100 da ita yana bukatar kusan ninkin abin da yake gani kafin ya tsaya, don haka duk abin da ya bayyana a haskensa, mota ce da ta lalace ba alama ko dabba ko mutum, ya riga ya makara. Maimakon a rage gudu sai a kunna babbar fitila a bar ta a idon masu tahowa. Idon da aka dallare yana ɗaukar sakanni kafin ya dawo daidai, ga tsofaffi ma ya fi daɗewa. Sai na biyun ya rama da tasa, makafi biyu su tunkari juna. In an dallare ka, ka kawar da ido zuwa layin gefen hanya na ɓangarenka, ka rage gudu, ka yi masa ƙiftawa ɗaya don tunatarwa, kada ka rama. Ƙarin fitilun nan masu farin haske da ake ɗaurawa ba tare da an saita su ba, ya kamata a ce doka ta hana su ko'ina. Fitilar asali ma tana bukatar saiti, musamman idan an loda bayan mota gabanta ya ɗaga.

Sigina ba ta bukatar dogon bayani. A kunna ta kafin a taka birki, a ba ta sakan uku zuwa biyar kafin a juya sitiyari, a duba madubi, a waiga kafaɗa saboda mai babur. Kunna ta bayan an fara juyawa ba ya gaya wa kowa komai.

Sai fushi, wanda shi ne ke mayar da ƙaramin kuskure babban tashin hankali. A cikin mota mutum ba ya ganin fuskar ɗan'uwansa, ƙarfe da gilashi yake gani, shi ya sa wanda ba zai iya ture dattijo a kan layi ba yake iya zaginsa ta taga. Kowane direba yana yi wa kansa uzuri idan ya yi kuskure, amma kuskuren wani sai ya ɗauke shi raini. Daga nan sai bin baya, sai shan gaba a taka birki don a koya wa mutum hankali, sai a tsaya a tsakiyar titi a fito. Taka birki a gaban wanda ya manne maka ganganci ne tsantsa, domin mun riga mun nuna ba zai iya tsayawa ba, kuma akwai wasu a bayansa. In an manne maka, ka ƙara tazara tsakaninka da na gabanka domin kada ka bukaci birkin gaggawa, ka koma gefe idan wuri ya samu, ka bar shi ya wuce. Kada ka haɗa ido da shi, kada ka yi masa nuni da hannu. In ya ci gaba da binka, kada ka nufi gida, ka nufi wurin da jama'a suke ko ofishin 'yan sanda, ƙofofi a kulle. In kuma kai ne ka yi kuskuren, ɗaga hannu na ban haƙuri yana kashe wutar da hon ba zai kashe ba.

Akwai wani rashin ladabin da ba ya ƙara, wato fitowa titi da motar da ka san ba ta da lafiya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, tayar da ta haura shekara biyar tana bukatar dubawa sosai, wadda ta kai goma kuma a cire ta ko da zanenta yana nan. Zanen da bai kai zurfin milimita 1.6 ba ba ya iya korar ruwa, sai mota ta hau kan ruwan sitiyari ya zama banza. Ƙarancin iska ne ke fasa taya fiye da yawanta, saboda gefenta yana lanƙwasa yana ɗaukar zafi har ya yage, musamman da lodi da gudu a rana. A auna iska da safe kafin a fita, a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. In taya ta fashe ana gudu, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada a daki birki, sai gudu ya sauka sannan a gangara gefe. Dukan birki a wannan lokaci ne ke sa mota ta ƙwace ta wuntsila.

Man birki yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi kamar duk shekara biyu. Idan ya sha ruwa, a doguwar gangara zafi yana sa shi tafasa, sai ka taka birki ya nutse ƙasa babu kamu. Masu sa mota a firi a gangara don tsimin mai su ne suka fi faɗawa wannan, saboda sun ɗora wa birki duk aikin da inji ya kamata ya taya shi. A sauko da ƙaramar giya tun daga saman tudu. Ga masu birkin iska, yawan tattakawa yana zubar da iskar tanki fiye da yadda inji ke mayar da ita.

Barci ma haka. Wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa yana yin rauni kamar na wanda ya sha barasa. Gyangyaɗin sakan uku a gudun 100 ya haura mita 80. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta wajabta wa direban babbar mota hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma a ƙa'ida ba ya wuce awa tara a rana. Ƙwayoyin da wasu ke sha don su kore barci suna buɗe ido ne su bar ƙwaƙwalwa a gajiye, su ƙara wa mutum jin cewa ya fi kowa iyawa. Buɗe taga da ƙure rediyo ba sa magani. A tsaya a yi barcin minti 20.

Me ya kawo wannan lalacewa? Motoci sun yi yawa fiye da yadda tituna suka faɗaɗa, cunkoso kuma yana cinye haƙuri. Motar zamani ba ta jijjiga ba ta ƙara, 120 a cikinta kamar 70 ne a tsohuwar mota. Direban haya da ake biya gwargwadon sawun da ya yi an riga an sa shi gudu tun kafin ya tayar da inji. Da yawa sun koyi motsa mota ne ba su koyi tuƙi ba, sun iya giya da sitiyari amma ba wanda ya taɓa nuna musu nisan birki. Sannan duk wanda ya bi gefen hanya ya tsallake layi ya shige gaba ba abin da ya same shi, ya koya wa mutum ashirin da ke kallonsa cewa bin doka asara ce. Muna kuma ganin kalmar tsautsayi tana rufe abubuwa da yawa. Idan aka ce tsautsayi ne sai bincike ya tsaya, ba a tambayi shekarun tayar ba, ba a tambayi awa nawa direban ya yi a farke ba, gobe wani ya sake fita da irin tayar.

Ga hukumomi, abin da ke gyara hali a titi shi ne direba ya tabbata in ya karya doka za a kama shi, kowane ne shi. Tara mai tsanani da ake kaucewa ba ta kai matsakaiciyar da ba ta kuskure ba. Kada a ba da lasisi sai an gwada mutum a kan titi. A riƙa tara maki a kan lasisin mai maimaita laifi har a ƙwace shi. Kamfanonin sufuri su ɗauki alhakin awannin direbobinsu da lafiyar tayoyinsu. Sweden ta amince da tsarin da ta kira Vision Zero a 1997, bisa fahimtar cewa ɗan Adam zai yi kuskure, don haka a gina titi yadda kuskuren ba zai zama ajali ba: shinge a tsakiyar hanya don hana taho-mu-gama, shataletale a mahaɗa, gudun 30 a inda yara da masu tafiya a ƙasa suke da yawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mace-macen titi da rabi tsakanin 2021 da 2030, kuma lokacin yana tafiya. Fasinjoji ma su daina zuga direba ko yin shiru. Wanda ya ga ana gudun wuce kima ya yi magana, sauran su mara masa baya. Kowa ya ɗaura bel har na kujerar baya, domin karo a gudun 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kuma wanda bai ɗaura ba a baya kan na gaba yake faɗawa.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, shi ne idan wakilanku za su kawo labarin haɗari, kada su tsaya a adadin mamata da cewa mota ta ƙwace. Su tambayi jami'ai gudun da ake yi, da halin tayoyi da birki, da awannin da direban ya yi a hanya, da ko an ɗaura bel, su buga amsar. Muna kuma fatan za ku ware ɗan gurbi kowane mako don bayanin ƙa'ida ɗaya ta tuƙi, ku fara da ƙirgar sakan uku.

Wassalam.

Daga wasu masu koyar da tuƙi da gyaran mota.